Katin Auren da Ba Ita Ta Aika Ba

Ba a yi minti biyar da kashe fitilun silimar ba, Wan-ru ta ji kamar an zare mata laka.

A jikin farin allon wata yarinya ce zaune a bayan shagon abinci, ta tufke gashinta ta soke shi da tsinken cin abinci, tana cire ƙayar kifi da hantsaki. Ba a nuna fuskarta ba. Hannayenta kawai ake gani, da wani ɗan tabon ƙuna a gindin babban yatsanta na hagu.

Wan-ru ta shafa nata tabon a cikin duhu.

"Ma... wane fim kika kawo ni?"

Mahaifiyarta ba ta waiwayo ba. Ta rungume jakarta a cinya da hannu biyu, kamar mai jiran a kira ta ɗakin likita.

"Ki yi kallo."

"Ba ce min kika yi na ban dariya ba ne? Kika hana ni ko tsayawa in duba hoton bakin ƙofa, wai mun makara."

"Na ce ki yi kallo, A-Ru."

Sai ga rubutu ya taso a hankali a kan hannayen yarinyar. Labari da umarni: Tu Ching-yi.

Shekara goma sha biyu rabon Wan-ru da furta sunan nan. Shekara goma sha biyu tana tashi da asuba ta ɗora faten shinkafa da kifi a shagonsu na tsohuwar kasuwar Tainan, ta rufe da tsakar rana, ta wanke tukwane, ta hau sama. Ta daina shiga silima, ta daina bin labarin 'yan fim, duk don kada ta yi karo da shi. Yau kuma ga shi a gabanta, kowane harafi ya fi ta tsawo.

Ta yunƙura za ta tashi. Hannun tsohuwar ya sauka a gwiwarta, sanyi ƙalau.

Ta koma ta zauna.

*

Sunaye kawai aka canza.

Ga ɗalibar koyon fim ɗin nan, siririya, wandonta ya yage a gwiwa, ta shigo kasuwa da kyamarar aro tana neman abin ɗauka. Ga ta ta tsaya a kan mai cire ƙaya, ta kanne ido ɗaya.

"Ki yi kamar ba na nan."

"To ki tafi mana, sai in yi da gaske."

'Yan kallo suka yi dariya. Wan-ru ba ta yi ba. Ita ta faɗi maganar tana 'yar shekara ashirin da biyu, kuma har yanzu tana tuna ƙarnin kifin da ke hannunta a ranar.

Ching-yi ta dawo washegari, ta kuma dawowa. Sati uku tana zuwa, ta sha fate kwano guda, ta yi ta ɗaukar tururi da hannaye da bakin wuƙa, har Wan-ru ta gaji ta ce, "Ke Mai Ido Ɗaya, malamanku ba su ce ki ɗauki wani abu ban da ni ba?"

"Cewa suka yi in ɗauki abin da ya hana ni sukuni."

"To je ki ɗauki sauro."

"Ƙaya ce ta maƙale min." Ching-yi ta dafa maƙogwaronta, sannan ta saukar da hannun zuwa ƙirjinta. "A nan."

Daga ranar ta koma kiranta Ƙaya. In su biyu ne, Ƙayata.

Fim ɗin bai yi gaggawa ba. Babu inda ɗaya ta ce wa ɗaya ina son ki. Sai dai a nuno su a kan babur sun nufi filayen gishiri na bakin teku, ana yayyafi, su biyu cikin rigar ruwa guda, ta bayan ta cusa hannayenta a aljihun ta gaban. Sai a nuno jajayen furannin bakin titi suna faɗowa a gashinsu, babu mai kaɗe nata, kowace ta 'yar'uwarta take kaɗewa. Ranar da suka fara sumbatar juna ma, kyamarar kau da kai ta yi kamar mai jin kunya, ta koma kan ruwan da ya kwanta a filin gishirin, inda sama ta sauko ta shimfiɗe, inuwa biyu suka matso suka zama ɗaya.

Wan-ru ta ji ɗanɗanon gishiri a leɓenta.

A layin gabansu wasu 'yan mata biyu sun jingina kai da kai, yatsunsu a sarƙe a kan hannun kujera, ko ɓoyewa ba sa yi. Ta dube su ta ji wani abu, rabi daɗi, rabi hassada. A lokacinsu sai an shiga lungu, ko a ɓoye hannu a aljihu.

Sannan uwa ta shigo fim ɗin.

Da rana ne, an rufe shago, fanka tana juyi. Tun kafin 'yar wasan ta taka matakalar farko, Wan-ru ta ga mahaifiyarta ta runtse ido.

Ashe ba yau ta fara kallonsa ba.

Uwar ta hau sama ta same su sun yi barci a tabarma, fuskar ɗaya a wuyan ɗaya. Ba ta yi ihu ba. Ta sauko ta jira baƙuwar ta fito, ta miƙa mata takalmanta da hannunta.

"Duk abin da kika ci a gidan nan na yafe miki. Amma 'ya mace guda gare ni. Ki bar min ita."

Abin da ya biyo baya Wan-ru ta san shi. A watan nan Ching-yi ta samu aiki a Taipei. A watan nan kuma ɓarin jikin Baban Wan-ru ya shanye. Ga su a tashar jirgin ƙasa, jaka guda a tsakaninsu.

"Ki biyo ni, Ƙayata."

"Wa zai juya Baba? Wa zai buɗe shago? Yayana yana soja, kin sani."

"Kullum akwai wanda ya fi ni a wurinki."

"Ba haka ba ne..."

"To ki shigo jirgin."

Ba ta shiga ba.

Sati uku babu wadda ta kira wata, domin a taurin kai babu wadda za ta nuna wa ɗaya yatsa. Daga ƙarshe Wan-ru ce ta karaya. Ta rubuta wasiƙa shafi huɗu tana roƙon a jira ta shekara ɗaya, ta ba Kuan-ting, ɗan mai shagon buga takardu na kusa da su. Tare suka tashi, ya san sirrinsu, sau da yawa shi yake yi musu ƙarya a wurin Ma. Ya ce zai je Taipei sayen takarda, zai damƙa mata hannu da hannu.

Bayan kwana biyu saƙo ya shigo wayarta.

"Saƙonki ya iso. Na gode da kika yi min shi a rubuce. Kada ki neme ni."

Ta kira, layi bai shiga ba. Da Baba ya ɗan samu sauƙi ta hau jirgi ta je, mai gidan hayar ya ce yarinyar ta kwashe kayanta, bai san inda ta koma ba.

Labarin da Wan-ru ta sani kenan: ta roƙi shekara ɗaya, an hana ta.

Amma fim ɗin bai bi ta wajenta ba. Ya bi jirgin.

Ga ƙaramin ɗaki a Taipei, ga katifa a ƙasa. Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Saurayi ne mai fara'a, ya rusuna, ya miƙo jan ambulan da akwatin kek ɗin biki.

"Ta so ta zo da kanta, amma kin san shirye-shirye. Ta ce in roƙe ki kada ki kira ta, abin zai fi mata sauƙi."

Yarinyar ta buɗe ambulan ɗin. Katin aure ne, rubutun ruwan zinare, sunan masoyiyarta a sama, sunan saurayin a ƙasa.

Wan-ru ta ji kujerar tana nitsewa da ita.

Ta ga yarinyar ta danna lambar masoyiyarta, ta tsaya a lamba ta ƙarshe, ta goge. Ta ga ta kira wayar shago. Ta ji muryar uwa daga nesa, ga ƙarar kwanuka a bayanta.

"Gaskiya ne. Ita ta zaɓa. In kina son ta, ki bar ta ta zauna lafiya."

Daga nan fim ɗin ya yi shiru. Babu kiɗa, babu kuka. Akwatin kek ɗin gida goma sha biyu gare shi, yarinyar kuma kullum sai ta zauna a ƙasa ta ci guda, a hankali, tana tattare ɓurɓushin da yatsa, domin shi ne abu na ƙarshe da take zaton ya fito daga hannun nan mai tabo. Duk wanda ta ci sai launi ya ragu a allon. Shuɗin bango ya tafi, koren shukar taga ya tafi. Ranar da ta ci na ƙarshe babu sauran launi a duniya sai jan katin.

Wata mata a baya tana ta sharɓar hanci.

Aka nuna shekaru sun shuɗe. Yarinyar ta zama mace, ta sauka a Tainan, ta tsaya a kwanar kasuwa ba ta ƙarasa ba. Daga nesa ta hango masoyiyarta a bakin shago, jaririya a kafaɗarta, tana jijjiga ta tana dariya. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta juya ta bi cikin mutane, kyamarar ta tsaya a wurin, ta ƙi bin ta.

Jaririyar 'yar yayanta ce. Wan-ru har rigar ta tuna, mai hoton agwagwa.

Fitilu suka kawo.

*

Kowa ya fita, saura su biyu da mai shara da ke jira a bakin ƙofa.

"Sau nawa kika kalla?"

"Wannan na huɗu."

"Ke kika sa Kuan-ting?"

"Shi ya kawo shawarar. Ya ce yana son ki, ya ce in aka raba ku wata shida ya isa ki manta. Shi ya buga katin. Ni na sayi kek ɗin." Tsohuwar ta dubi jakarta. "Ni kuma na ɗaga wayar."

"Wasiƙata fa?"

"Ya ce a jirgi ya yaga ta."

Wan-ru ta tuna yadda Kuan-ting ya yi ta sintiri bayan nan, da furanni, da maganin Baba, da maganar aure, har ta ce masa ko maza sun ƙare ba ta yi. Ya auri wata ya koma Kaohsiung. Har bikinsa ta je, ta yi masa murna da zuciya ɗaya.

"Shekara goma sha biyu, Ma. Muna cin abinci a teburi ɗaya."

"Na ɗauka irin mura ce, za ta wuce. Na jira shekara ɗaya, na jira biyu... Ban sake jin dariyarki a saman bene ba. Ranar da muka kai babanki makwancinsa na ce zan faɗa miki, bakina ya ƙi. Duk shekara in na kunna masa turare sai in ce gobe." Ta goge ido da bayan hannu. "Da na ga sunan Ching-yi a tallar fim a jikin motar haya na zo ni kaɗai. Ban san haka ta ci kek ɗin nan ba, A-Ru. Na ɗauka za ta zubar. Ɗaya bayan ɗaya... 'yar mutane."

"Shi ne kika kawo ni ta faɗa min a madadinki."

"Ta fi ni iya faɗa."

Ta buɗe jakar da ta yini tana rungume da ita, ta zaro tikiti guda.

"Ran Lahadi da rana za ta zo nan ta amsa tambayoyin 'yan kallo. Ɗaya na saya. Ni ba ni da idon ganinta."

Wan-ru ta karɓa. Ta fita ta bar ta a zaune.

Kwana uku ba ta yi mata magana ba. Suna buɗe shago tare, ɗaya ta zuba ɗaya ta miƙa, amma ko gishiri take so sai dai ta nuna da haɓa. Da yamma ta hau sama ta kwanta tana kallon rufi, fim ɗin yana ta wucewa a jikinsa, ruwa da gishiri da jajayen furanni. Wani lokaci ta ce ba za ta je ba: mai yin fim irin wannan ta gama da labarin ne, ta binne shi a gaban duniya. Wani lokaci kuma ta ce wanda ya manta ba ya tuna gefen da tabo yake.

Ran Lahadi ta sa farar riga, ta cire, ta sa ta kullum.

*

Ɗakin ya cika har matakala. Da fim ya ƙare aka jera kujeru biyu a gaba, sai ga Ching-yi ta fito ana tafi.

Ta rage gashi. Ta sa tabarau. Akwai furfura kaɗan a gefen kunnenta. Amma da hasken fitila ya dake ta sai ta kanne ido ɗaya, Wan-ru kuwa ta riƙe hannun kujera da ƙarfi.

Wani ɗalibi ya yi tambaya a kan launi. Wata yarinya ta ce ita da budurwarta sun kalla sau biyu, ta fashe da kuka, aka tafa mata. Wani dattijo ya tambaya ko labarin gaskiya ne.

"Rabinsa gaskiya ne," in ji Ching-yi. "Ɗaya rabin ba ni na riƙe shi ba."

Mai gabatarwa ta ce saura tambaya ɗaya.

Wan-ru ba ta ɗaga hannu ba. Miƙewa kawai ta yi daga layin baya, aka kawo mata abin magana.

"Ni ba tambaya gare ni ba. Akwai kuskure a fim ɗinki."

Mutane suka waiwayo. Ching-yi ta kare fitilar da tafin hannu tana neman mai maganar.

"Jaririyar nan ta ƙarshe... 'yar yayanta ce. Yarinyar ba ta taɓa aure ba."

Hannun Ching-yi ya sauko a hankali.

"Katin nan ba ita ta aika ba. Ba ta ma san da shi ba sai ran Alhamis da ta wuce, a ɗakin nan. Wasiƙa ta aiko miki, shafi huɗu, tana roƙon shekara ɗaya." Ta ƙara matso da abin maganar. "Da kika ce saƙo ya iso, kada a neme ki... ta ɗauka amsar wasiƙar ce."



Ching-yi ta ajiye abin maganarta a kujera. Ta sauko daga dandamalin, ta bi matakala tana hawa, mutane suna janye ƙafafunsu. Ta tsaya taki biyu tsakaninsu. Idonta ya sauka a hannun hagun Wan-ru, ya daɗe a can, sannan ya hau fuskarta.

"Ƙaya?"

"Kin tsufa, Mai Ido Ɗaya."

"Ke ma."

"Ni aiki nake yi. Ke me ya tsufar da ke?"

Ching-yi ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya ta koma kuka. Ta cire tabarau ta rasa inda za ta sa shi, Wan-ru ta karɓa ta riƙe mata.

*

Ba su yi shawarar inda za su ba. Babur ɗin Wan-ru ne ya kai su bakin teku, rana ta yi sanyi, ruwan filayen ya koma kalar zuma. Suka zauna a kan dakalin siminti, tsakaninsu wurin zaman mutum ɗaya.

"Ba zan yi miki ƙarya ba," in ji Ching-yi. "Ban zauna jira ba. Na yi shekara huɗu da wata. Mutuniyar kirki ce. Ranar da ta karanta labarin fim ɗin nan ta haɗa kayanta, ta ce ta gaji da zama a gidan da mai shi ba ta nan."

"Ni ban yi kowa ba. Ba don kirki ba. Lokaci ne babu, kuma... babu mai kallona da ido ɗaya."

"Me ya sa ban danna lambar ƙarshen nan ba?"

"Me ya sa ban shiga jirgin ba?"

"Da kin shiga, da wa zai juya Baba? Na gane wannan daga baya. Lokacin da nawa ya kwanta asibiti na gane."

Wasu fararen tsuntsaye suka taso daga ruwan, suka yi kewaye, suka koma inda suka taso.

"Me kika rubuta a wasiƙar?"

"Na manta yawanci. Shafi biyu zagi ne."

"Sauran biyun fa?"

Wan-ru ta kalli ruwan.

"Na ce in kin jira ni shekara ɗaya, zan ba ki duk sauran. Na ce ban iya magana mai daɗi ba, amma tunda kika tafi duk faten da na dafa gishiri yake yi masa yawa, masu saye suna ƙorafi. Na ce ina son ki. Sau uku na rubuta shi, don ban taɓa faɗa da baki ba."

"Har yanzu ba ki faɗa da baki ba."

"Yanzu na faɗa mana."

"Wannan labarin wasiƙa kika ba ni."

Wan-ru ta juyo. Iska ta kaɗa mata gashi ya rufe mata ido, Ching-yi ta sa yatsa ta gyara shi, ta bar hannun a kumatunta.

"Ina son ki, Ching-yi. Ban huta ba ko na rana ɗaya."

"Ƙayata..." Ta matso ta cike wurin da ke tsakaninsu, ta kifa goshinta a nata. "Sauran da kika ce za ki ba ni, yana nan?"

"Ya ragu da goma sha biyu."

"Kawo shi haka."

*

Washegari da hantsi Ching-yi ta zo shagon. Ma tana tsaye a kan tukunya, ludayi a hannu. Da ta gan ta sai ta ajiye shi, ta goge hannu a jikin riga, ta fito gaban teburan. A gaban masu cin abinci, a gaban mai sayar da kayan miya na tsallake, tsohuwa mai shekara sittin da takwas ta sunkuyar da kai har ƙasa ga sa'ar 'yarta, ta ƙi ɗagowa.

"Na cuce ki. Ba ni da abin cewa bayan wannan."

Ching-yi ta daɗe tana kallon furfurar kan tsohuwar.

"A-yi," ta ce, wato gwaggo, "ki ɗago, mutane suna kallo."

"Su kalla."

"Ban yafe ba tukuna. Ba zan ce na yafe ba alhali ban yafe ba." Ta ja kujera ta zauna. "Amma ina jin yunwa."

Ma ta koma kan tukunya da sauri har tana tuntuɓe. Ta zubo kwano, ta tsamo tsokar cikin kifi mafi maiƙo ta ɗora a kai, ta tsaya a gefe tana murza yatsu.

"Kin rame. A Taipei ba sa ba ku abinci ne?"

"Ma," in ji Wan-ru, kalmarta ta farko gare ta cikin kwana huɗu, "ki bar ta ta ci."

Ba a rana ɗaya abin ya gyaru ba. Ching-yi ta yi wata takwas tana zirga-zirga a jirgi. Sun yi faɗa a kan inda za su zauna, sun yi faɗa a kan abin da ya wuce, akwai ranar da Wan-ru ta kalli mahaifiyarta ta ji ba za ta iya ba, ta fita ta yini a waje. Wani kamfani ya nemi Ching-yi ta sake wa fim ɗin ƙarshe tunda labarinsu ya bazu. Ta ƙi.

"Waɗancan yaran biyu sun rabu da gaske," ta ce. "Ba zan yi musu ƙarya ba. Mu wasu ne."

Da bazara ta kewayo suka je ofishin rajistar aure, ranar Talata da safe, su biyu cikin fararen riguna. Shaidu biyu ake buƙata. Yayan Wan-ru ya riga ya sa hannu. Ɗayan layin Ching-yi ta bar wa mahaifinta, ta aika masa takarda tun wata guda, ta kira shi sau uku. Ya ce ya ji, yana yi mata fatan alheri, amma kada ta sa shi a gaban mutane.

Duk da haka ta yi ta kallon ƙofa.

Aka kira lambarsu. Ching-yi ta dubi layin da babu komai, ta yi murmushin da bai kai ido ba.

"Ba komai. Mu nemi wani a cikin masu jira."

"Kawo nan."

Ma ce. Ta sa rigarta ta zuwa biki, ta yi gyaran gashi tun jiya. Ta ɗora tabarau a karan hanci, ta karɓi biro, ta rubuta sunanta a hankali, tana danna kowane zane kamar mai tsoron ya goge. Sannan ta ciro hatiminta ta buga a gefe.

Ma'aikaciyar ta karɓi takardar tana dubawa, ta ɗago da fara'a.

"Ke ce mahaifiya?"

"Ni ce."

"Ta wacce daga ciki?"

Ma ta dubi Ching-yi a ɗarare, kamar mai neman izini, ta ga ba ta da ikon amsawa.

Ching-yi ce ta amsa, idonta a kan takardar.

"Tamu ce."